Saniyar Bidiyo Daban, Tamu Daban

Akwai wani salon gashin nama da ya cika wayoyinmu a 'yan shekarun nan. Za ka ga an ɗauko ƙaton yankan naman sa, kaurinsa ya kai yatsu uku, da dogon ƙashin haƙarƙari a jikinsa kamar ƙotar gatari. A barbaɗa masa gishiri, a zura shi a leda, a zuƙe iskar, a nutsa shi a ruwan zafi wanda wani ɗan inji yake tsare da zafinsa, a bar shi awa 3 ko 4. Daga nan a fito da shi, a ɗora kan garwashi minti ɗaya kowane gefe, sai a yanka a gaban kyamara, waje ya gasu ya yi duhu, ciki kuwa jajawur daga wannan baki zuwa wancan. Faransawa suna rubuta sunan dabarar sous vide, ana furta shi su-bid, wato dahuwa a cikin ledar da babu iska. Yankan naman kuma Amurkawa suna ce masa tomahok, sunan gatarin yaƙin mutanen da suka tarar a ƙasar.

Ba ni da faɗa da mai son cin daɗi. Faɗana da wasu samarinmu ne na Samaru da Sabon Gari, galibinsu 'yan boko irina, waɗanda tun da suka fara kallon waɗannan bidiyoyi suka raina mai balangu. Ka zauna da su za ka ji suna cewa mahautanmu ƙona nama kawai suke yi, babu ilimi a aikinsu, babu awo. Mai hali a cikinsu ya yi odar inji daga waje, ya kwafi lambobin da ya gani a YouTube, digiri kaza awa kaza, ya gayyaci abokai da iyalansu. Ni kuwa cewa nake yi wannan kwafin jahilci ne sanye da rigar kimiyya, kuma yana iya kwantar da mutane a asibiti.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma mu masu wannan aiki mun san cutar sarai. Yaro zai ga wani ya warware matsala a intanet, ya kwafo abin da wancan ya rubuta ya liƙa a nasa aikin, bai tambayi a wace irin na'ura aka rubuta shi ba, da wane irin layin sadarwa, don waɗanne mutane. Ranar da abin ya rushe a hannun mai amfani da shi, sai ya ce ai a kwamfutarsa yana aiki. Duk wani tsari da mutum ya rubuta akwai sharuɗɗan da bai faɗa ba, saboda a inda yake zaune ba sa bukatar faɗa. Tsarin dafa tomahok ma haka yake. Mai bidiyon ya ɗauka saniyarka irin tasa ce, mahaucinka irin nasa ne, wutar lantarkinka kuma irin tasa. A Zariya ba ko ɗaya daga cikin ukun nan da ya tabbata.

Kafin in bi su ɗaya bayan ɗaya, bari in ba dabarar haƙƙinta, don kada a ce ƙiyayya ce. A shekarar 1974 wani kuku Bafaranshe mai suna Georges Pralus ya yi amfani da ita a gidan abincin Troisgros da ke garin Roanne, don ya rage asarar hantar agwagwa da ke narkewa a kasko. Wani masani, Bruno Goussault, ya yi shekaru yana auna zafin da kowane irin nama yake bukata da tsawon lokacinsa. Hikimar mai sauƙi ce. Idan ka ɗora nama mai kauri a wuta kai tsaye, kafin zafi ya isa tsakiya waje ya ƙone. Idan kuwa ka nutsa shi a ruwan da bai wuce digiri 55 ba, babu yadda za a yi wani sashe nasa ya wuce 55, ko da ya daɗe a ciki. Garwashin ƙarshe kuma shi ke kawo ƙamshin gashi, wanda ba ya samuwa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140, abin da Louis-Camille Maillard ya fara bayani a kansa a 1912. Duk wannan gaskiya ne, kuma ilimi ne mai kyau. Matsalar tana wajen mai kwafi.

Mu fara da saniya. San da ake yanka wa tomahok a Amurka, irin su Angus, akasari ba ya cika shekara 2 a duniya, kuma watanninsa na ƙarshe a killace yake yinsu yana cin masara. Kitse yana ratsa tsokarsa kamar zanen atamfa. Bayan an yanka shi kuma ba a ranar ake sayarwa ba, sai naman ya yi kwanaki, sau da yawa mako 2 ko 3, a ɗakin sanyi, inda sinadaran da ke cikin tsokar kanta suke sassauta ta. Naman da ya zo hannun mai bidiyo ya riga ya yi laushi tun kafin ya ga ruwa. Aikin injin kawai kada ya ɓata shi.

Namu fa? Bunaji ne, ko Bokolo, ko Rahaji, shanun da suka yi shekaru suna taka sayyada daga mashaya zuwa makiyaya, rani da damina. Tsokarsu ƙarfaffa ce, cike da jijiya, kitsensu kuma ya fi taruwa a tozo da kewayen ciki. An yanka da asuba, kafin hantsi yana kan tebur a kasuwar Samaru ko ta Sabon Gari, kafin dare an cinye. A daidai waɗannan awannin ne tsokar dabba take sandarewa bayan yanka, wato muna sayen nama a lokacin da yake kan hanyarsa ta yin tauri. Ka ɗauki haƙarƙarin irin wannan sa ka yi masa awa 3 a digiri 54, abin da za ka samu nama ne ja mai kyan hoto, wanda baƙonka zai tauna har muƙamuƙinsa ya gaji, ya faki ido ya tofar.

Masu dabarar sun san maganin tauri. Jijiya tana narkewa ta zama irin yauƙin nan da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya huce. A tukunyar da ke tafasa awanni kaɗan sun isa. A ruwan digiri 55 zuwa 60 kuwa sai an yi awa 24, wani naman 48, wani har 72. To, nan ne sharaɗi na gaba yake jiranmu. Wane gida ne a Hayin Dogo ko Palladan zai rantse cewa wuta za ta yi kwana 2 ba ta ƙifta ba? A watan Afrilun 2024, da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane kilowat na awa ɗaya, alkawarin da aka yi wa masu biyan wannan kuɗi awa 20 ne a rana. Su ke nan 'yan gata, kuma alkawarin nasu ma ya bar giɓin awa 4. A ƙarshen Oktoban 2024 kuwa yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu.

Wani zai ce in wuta ta ɗauke ai sai a jira ta dawo a ci gaba. A nan haɗarin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da cewa a ajiye abinci ƙasa da digiri 5 ko sama da 60, domin tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa. Su-bid yana wasa ne a bakin wannan rami da gangan, yana musanya zafi da lokaci: abin da digiri 70 zai kashe nan take, digiri 55 yana kashe shi a hankali cikin awanni. Amma tazarar siririya ce. Akwai wata ƙwayar cuta mai sa murɗar ciki da zawo, Clostridium perfringens, wadda take iya yaɗuwa har zuwa wajen digiri 52, kuma wurin da babu iska ya fi mata daɗi, kamar cikin ledar nan. A digiri 43 zuwa 45 tana ninka yawanta cikin ƙasa da minti 15. Ka kunna injinka da magariba ka kwanta, wuta ta ɗauke ƙarfe 1 na dare, ta dawo da asuba. Ruwan ya sauko ya yi awanni a daidai zafin da ƙwayar take so, sannan ya sake hawa. Da safe allon injin zai nuna maka 55 kamar babu abin da ya faru. Garwashin minti 2 kuma fatar naman kawai yake taɓawa.

Mai bidiyon yana da wata garkuwa da ba ya ambata: tsokar da ba a huda ba, cikinta kusan babu ƙwayoyin cuta, a waje suke, inda wuta za ta same su. Wannan ya kawo mu ga mahauci. A can da zarto ake yanka ƙashi, ya fita sumul. A nan gatari ne da adda a kan kututture. Sara yana farfasa ƙashi, tsinin ƙashin ya huda leda ruwa ya shiga, kuma bakin addar yana tura abin da ke waje zuwa cikin tsoka. Ga al'adarmu ta tsattsaga nama don yaji ya shige shi. Ga kuma tsila, wadda 'ya'yanta kan ɓuya a tsokar sa, ba sa mutuwa sai zafi ya ratsa su sosai, ko a daskarar da naman a digiri 10 ƙasa da sifiri har kwana 10. Hatta ma'aikatar noma ta Amurka, a ƙasar da ake duba kowace dabba a mayanka, shawarar da take ba jama'a ita ce tsakiyar yankan nama ya kai digiri 63 a bar shi ya huta minti 3. Mu da ragon layya da san haɗaka ake yankawa a ƙofar gida ba tare da likitan dabbobi ya gani ba, a kan me za mu fi su ƙarfin hali?

Ban ma zo kan leda ba. Wadda ake yin wannan dahuwa da ita an yi ta ne don abinci da zafi. Baƙar ledar kasuwa ba a yi ta don haka ba, kuma duk wanda ya ga tsadar ta ainihi zai ji sha'awar yin dabara da wadda ke hannunsa. Injin da aka sayo daga Amurka kuma na wuta 120 ne, tamu 230 ce, sai da taransifoma in ba so kake ka ji ƙauri ba. Sannan ga wani abu da ni a matsayina na mai rubuta manhaja ya fi ba ni haushi. Injin Joule ya fito ba shi da allo ko maɓallin saita zafi, sai da manhajar waya. Kamfanin Anova, wanda Electrolux ya saya a 2017, ya sanar a 2024 cewa sababbin masu amfani da manhajarsa za su riƙa biyan kusan dala 2 a wata ko dala 10 a shekara. Injin nasu yana aiki da hannu, gaskiya ne, amma darasin a fili yake. Ka sayi tukunya, wani a wata nahiya yana riƙe da murfinta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Yanzu mu koma wajen mutumin da aka raina. Ka tsaya da yamma a gefen titin Sakkwato, daga Kwangila har ƙofar jami'a, ka kalli mai balangu da idon mai neman ilimi. Ba a tsakiyar wuta yake ajiye babban nama ba. Yana tura garwashi gefe guda, naman yana ɗaya gefen inda zafi yake da sauƙi, an lulluɓe shi da takarda yana dahuwa a hankali cikin tururinsa da kitsensa. Sai mai saye ya zo ya nuna, a yanko, a matsa da shi kan jan garwashi ya ɗauki ƙamshi, a barbaɗa yaji. Mai tsire kuma yana kafa tsinkensa kewaye da tukuba, nesa da harshen wuta, yana juyawa, yana matso da wanda ya kusa, yana janye wanda ya isa. Ya yanka naman falle-falle ne don ya san taurin saniyarsa. Uwargida a ranar Sallah tana sulala nama da albasa da kayan ƙamshi a ƙaramar wuta, sannan ta soya. Zafi kaɗan na dogon lokaci, sai wuta mai ƙarfi a ƙarshe: abin da injin yake yi ke nan, kuma mutanen nan sun daidaita shi da saniyar da suke da ita, ba tare da sun jira kowa ya kawo wuta ba. Wanda ya kalli wannan ya ce babu ilimi a ciki, shi ne bai iya karatu ba.

A duba Brazil. Yawancin shanunsu Nelore ne, masu tozo kamar namu, asalinsu daga Indiya. Ba su ji kunyar tozon ba. Suna kiransa cupim, suna gasa shi a hankali na awanni har ya narke, kuma yana cikin abin da ake yi wa baƙo alfahari da shi a gidajen gashinsu. Mu muna da tozo a kowace kasuwa, amma ɗan bokonmu yana yawo yana neman mahaucin da zai yanka masa tomahok, ya biya kuɗin dogon ƙashin da ba ci zai yi ba, don kawai ya yi kyau a hoto. A Sudan har yau ana cin agashe, gashin da Hausawa suka kai, da sunansa na Hausa. Abinmu ya ƙetare iyaka da ƙafarsa, mu muna gida muna yi masa dariya.

Kada mai karatu ya ɗauka ina wanke mahauta tas. Masu sukarsu suna da gaskiya a wasu wurare, kuma ɓoye ta cin amana ne. Takardar siminti ba ta dace da abinci ba, haka tsohuwar jarida. Nama a buɗe cikin ƙurar hunturu da ƙudan bazara abin gyara ne. Kwantan jiya da ake ɗumamawa sama-sama a haɗa da na yau yana faɗawa cikin ramin nan na tsakanin digiri 5 da 60, daidai da ledar ɗan boko. Hannu ɗaya yana karɓar kuɗi yana yanka albasa. Amma maganin waɗannan duka ruwa ne da sabulu, da takarda mai tsabta, da akwatin gilashi, da sanyi. Babu ɗayansu da injin su-bid yake warwarewa.

Abin da ya cancanci aro daga masu wannan dabara shi ne awo. Ƙaramin ma'aunin zafi mai tsinke, wanda ake soka wa nama ya faɗi zafin tsakiyarsa, yana aiki da ɗan batir, ba ya bukatar manhaja ko intanet, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na injin ba. Wanda yake son ƙaton nama da ƙashinsa a Zariya, ga hanyar da ta dace da mu. Ya nemi san turka mai ƙiba, ya roƙi mahauci ya fitar masa da yankan ba tare da sassara shi ba. In yana da firjin da ya amince da sanyinsa, ya sa gishiri ya bar shi kwana 2 ko 3. Ya tara gawayi a gefe ɗaya na murhu, ya ajiye naman a ɗaya gefen, ya rufe, yana juyawa yana aunawa. Ya tuna cewa in kaurin nama ya ninka biyu, lokacin da zafi zai kai tsakiya kusan ninki huɗu ne, don haka gaggawa ba ta da amfani. Idan tsakiya ya kusa 60, sai ya tsane jikin naman, domin danshi yana hana gasuwa, ya fifita garwashi ya yi jawur, ya ɗora minti ɗaya kowane gefe, ya tabbata ya kai 63, ya bar shi ya huta. Yajin ƙuli a ƙarshe ake sa shi, don a wuta mai ƙarfi ƙonewa yake yi ya yi ɗaci. In tozo ne ko wani wuri mai jijiya, a naɗe shi a ba shi awanni, mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Wanda kuma ya nace sai ya ɗanɗani dahuwar ruwa, kular da ke ɗakin matarsa ta ishe shi. Ruwan zafi a kula mai kyau yana riƙe zafinsa na awanni, a sa tantaƙwashi mai laushi a ledar abinci, a riƙa aunawa ana ƙara ruwan zafi, cikin awa 2 an gama, kana tsaye a kai. Mai sola da batir masu ƙarfi, wanda ya san inda namansa ya fito, ya kunna injinsa lafiya, babu mai hana shi. Sharaɗina ɗaya ne, ya san dalilin kowace lamba kafin ya ciyar da 'ya'yan mutane, musamman mai ciki da tsoho da ƙaramin yaro. Kuma in Baba ya ga jan nama ya ce a mayar masa da nasa wuta, a mayar ba tare da murmushin raini ba. Gaskiya ne jan ruwan ba jini ba ne, launin tsoka ne, jini ya fita tun wajen yanka. Amma taka-tsantsan ɗin Baba gado ne na mutanen da suka daɗe suna cin nama a ƙasa mai zafi ba firji, kuma sun fi mai bidiyo sanin abin da suke tsoro.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda muke zaune. Samaru ce fa. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, da tsangayar likitancin dabbobi a cikinta. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, tana nan Shika, 'yan mintuna a mota. Kwatar Zango tana maƙwabtaka da su. In akwai garin da ya kamata a auna a rubuta awa nawa tozon Bunaji yake bukata, a wane zafi, kwana nawa na sanyi ke sassauta haƙarƙarin Bokolo, a fassara shi da Hausa a kai wa Sarkin Fawa da mutanensa, to nan ne. In akwai abin da ɗan boko mai kuɗin odar inji zai yi da kuɗinsa ya amfani gari, ɗakin sanyi ne mai aiki da sola kusa da masu nama, da zarton yanka ƙashi, da ma'aunin zafi a hannun kowane mai balangu. Wannan kasuwa ce ma, ga mai ido. Mu da muke alfahari da iya lissafi, mahauci yana da abin da ba mu da shi, shekaru na sanin nama da hannu, mu kuma muna da abin da zai ƙara masa, wato lamba da rubutu.

Babbar Sallah tana zuwa kowace shekara, kuma kowace shekara ana samun wanda zai gwada sabon abu a kan naman layya. Kafin ka nutsa naka a ruwa ka tafi barci, ɗan'uwa, ka je ka zauna awa ɗaya a bencin mai balangun unguwarku. Ka tambaye shi don me yake ajiye wannan yanki nesa da wuta, wancan kusa. Ka tafi da ma'aunin zafinka ka auna, ka rubuta. In ka gama, ka bar masa ma'aunin.